Foldar Lissafi Na Tafiyar Hawainiya: Yadda Ake Gano Bakin Zaren Jinkirin NFS

"Malam, netwok ɗin nan ya sake lalacewa." Da wannan gaisuwar wani ɗalibin digiri na biyu ya shigo mini wata safiyar Litinin, idonsa jajir. Aikin da yake gamawa cikin minti 40 a kan laftof ɗinsa ya kwana yana gudu a gungun kwamfutocin ɗakin bincike, har gari ya waye bai kai rabi ba. Na auna wayar, lafiyarta lau. Na auna faifan sabar, shi ma garau. Da na leƙa foldarsa sai na tarar da ƙananan fayiloli wajen 500,000, kowanne bai wuce kilobayit 4 ba, manhajarsa tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ana yawan barin jaki a daki taiki a wannan harka. Da zarar folda ta yi nauyi sai a ce a sayi sabon suwic, a ja sabuwar waya, a ƙaro faifai, alhali ba wanda ya auna komai. Tsakanin manhajarka da bayananka akwai matakai huɗu: waya, faifan sabar, tsarin rabon fayil ɗin kansa, sai kuma yadda manhajar take neman bayanan. Kowanne ana iya auna shi shi kaɗai. Zan fi ba da ƙarfi a kan NFS, tsarin rabon fayil ta netwok da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1984, domin har yau shi ne ke riƙe da foldojin yawancin ƙananan ɗakunan bincike masu amfani da Linux. Masu SMB, tsarin rabon fayil na Windows, za su samu nasu a gaba.

Mataki na 1: wane irin jinkiri ne?

Kafin ka taɓa allon rubutu, yi wa mai ƙorafin tambayoyi. Kowa ne ke ganin jinkirin ko shi kaɗai? A kan dukkan kwamfutocin lissafi ne ko guda ɗaya? Kullum ne, ko sai ƙarfe biyun dare lokacin da ake kwafe bayanai zuwa ma'ajiyar ko-ta-kwana? Me aka canja a makon nan? Sannan ka gwada abu biyu da hannunka: kwafi babban fayil guda ɗaya na gigabayit da yawa, ka kuma yi `ls -l` a cikin folda mai cunkoso. Idan babban fayil ya wuce fit amma `ls -l` ya tsaya yana tunani, faɗin hanya ba shi ne damuwarka ba, kana iya tsallakawa zuwa mataki na 5. Idan duka biyun suna ja da ƙyar, bi su a jere.

Mataki na 2: auna waya ita kaɗai

A nan ba ruwanmu da faifai. A kan sabar ka kunna `iperf3 -s`, a kan kwamfutar lissafi ka rubuta `iperf3 -c` da adireshin sabar. Ka maimaita da `-R` don ka ga saurin dawowa, domin wani lokaci tafiya lafiya ce, dawowar ce matsala.

Ka riƙe waɗannan alƙaluma a ka. Bit 8 ne bayit ɗaya, kuma da yawan rigimar da ake yi a ɗakin bincike daga mantuwa da wannan take tasowa. Layin gigabit 1 yana ba da wajen megabit 940 a gwajin iperf3, wato kimanin megabayit 117 a daƙiƙa. Layin gigabit 10 zai ba ka gigabayit 1.1 da ɗoriya. Wanda ke kan gigabit 1 yana ganin megabayit 110 a daƙiƙa ba shi da wata cuta, iyakar hanyarsa ke nan. Terabayit ɗaya a wannan saurin zai ci kusan awa biyu da rabi ko da komai na tafiya daidai.

Idan ka ga megabayit 11 ko 12 a daƙiƙa, kusan kullum abu ɗaya ne: layin ya sauka zuwa megabit 100. Rubuta `ethtool eth0`, ko duk sunan da katin netwok ɗinka yake da shi, ka dubi layin saurin. Dalilin sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne. Cikin wayar akwai silaye 8, biyu-biyu a murɗe. Gigabit yana bukatar duka takwas ɗin, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Sili ɗaya ya tsinke, ko kan wayar bai matsu da kyau ba, sai na'urorin biyu su daidaita a kan ƙaramin sauri shiru, fitilar suwic na nan a kunne kamar ba abin da ya faru. Na taɓa bin wata waya har bayan kabad na tarar ƙafar kujera ta daɗe tana taka ta, robar ta baje kamar an bi ta da dutsen guga. Kwana uku muna zargin sabar a banza.

Daga nan dubi `ethtool -S eth0` da `ip -s link`, ka nemi lambobin kurakurai da fakitin da aka zubar. Lambar da ke tsaye ba ta da damuwa, wadda ke hauhawa yayin da kake kallo ita ce abin bi.

Sai maganar manyan fakiti. Girman fakiti na asali bayit 1500 ne, wasu kuma suna ɗaga shi zuwa 9000 don rage wa na'ura aiki. Yana da ɗan amfani, amma sai kowace na'ura a kan hanyar ta amince da shi. Suwic ɗaya a tsakiya ya tsaya a 1500, sai ka ga abin al'ajabi: folda na buɗewa, ƙananan fayiloli na karantuwa, babban fayil kuma ya maƙale. Gwajin shi ne `ping -M do -s 8972` da adireshin sabar. An rage 28 daga 9000 ne saboda kawunan fakitin. In bai wuce ba, ko ka gyara suwic ɗin ko ka mayar da kowa 1500. Ni dai na fi son na biyun idan ba ni ke riƙe da suwic ɗin ba.

Kafin ka bar nan, rubuta sakamakon `ping` na yau da kullum a takarda. A cikin gini ɗaya ya kamata ya yi ƙasa da milisakan ɗaya, galibi 0.1 zuwa 0.5. Za mu dawo kan wannan lambar, domin ta fi duk sauran muhimmanci.

Mataki na 3: auna faifai a kan sabar kanta

NFS ba zai taɓa fin faifan da ke ƙarƙashinsa sauri ba. Shiga sabar kai tsaye ka yi amfani da `fio`:

`fio --name=gwaji --directory=/data --rw=read --bs=1M --size=8G --direct=1`

Sannan ka sake da `--rw=randread --bs=4k --runtime=60 --time_based`. Gwajin farko karatu ne a jere, na biyu na tsalle-tsalle. Kada ka manta da `--direct=1`. Ba tare da shi ba Linux zai ɗebo maka bayanan daga RAM, ka ga saurin da zai sa ka murna, alhali faifan ko motsi bai yi ba. Wannan tarkon ne masu gwaji da `dd` suke faɗawa kullum; in dole sai da `dd` ɗin, a sa `oflag=direct` ko `conv=fdatasync`.

Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana iya karanta megabayit 150 zuwa 250 a daƙiƙa idan a jere ne. A tsalle-tsalle kuwa abin da yake iyawa bai wuce aiki 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba, saboda sai allurarsa ta tashi ta je wurin, ta jira faifan ya juyo. SSD, faifan da ba ya juyawa, yana yin dubbai goma-goma. To ka ga idan mutum 20 suna karanta manyan fayiloli daban-daban a lokaci guda, kowa a jere yake karatunsa, amma a wurin faifan tsalle-tsalle ne zalla.

Yayin da jinkirin ke faruwa, kunna `iostat -x 5` ka kalli `r_await` da `w_await`, wato tsawon jiran kowane karatu da rubutu. Idan faifai ɗaya cikin jerin ya fi 'yan uwansa jira nesa ba kusa ba, bincike shi da `smartctl -a`. Faifan da ke shirin mutuwa yakan yi ta maimaita karatu, ya ja duk jerin RAID baya, wato faifan da aka haɗa suna aiki kamar guda. Dubi `cat /proc/mdstat`, ko `zpool status` ga masu tsarin adana fayil na ZFS, ka ga ko jerin yana sake gina kansa. A wuraren da wuta ke ɗaukewa ba sallama wannan ba baƙon abu ba ne: sabar ta mutu farat ɗaya, ta tashi, ta shiga daidaita faifanta na awoyi, kowa na cewa netwok ne. Haka idan batirin katin RAID ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, saurin rubutu ya faɗi warwas. Ka kuma duba `df -h`. Ma'ajiyar da ta kusa cika maƙil takan yi nauyi, musamman ZFS.

Mataki na 4: yanzu sai NFS ɗin

Waya lafiya, faifai lafiya, to sai a dubi abin da ya haɗa su. A kan kwamfutar lissafi rubuta `nfsstat -m`. Zai nuna maka ainihin saitin da ake aiki da shi, wanda ba lallai ya zo daidai da abin da ka rubuta a `/etc/fstab` ba.

Dubi `rsize` da `wsize`, girman abin da ake ɗauka a kowace tafiya. Linux na yanzu yana kai su 1048576, megabayit ɗaya ke nan, kuma shi da sabar suke sasantawa da kansu. Idan ka ga 8192 ko 32768, wani ne ya kwafo tsohuwar shawarar zamanin baya ya liƙa. Cire ta kawai. Dubi `proto`, ya zama `tcp`. Dubi ko akwai `sync` ko `noac` a ɓangaren kwamfutar lissafi. Shi `noac` yana hana kwamfuta tuna bayanan kan fayil, irin girmansa da lokacin da aka taɓa shi, sai ta riƙa tambayar sabar kowane motsi. A tsarin asali tana riƙe su daƙiƙa 3 zuwa 60 ga fayil, 30 zuwa 60 ga folda. Ga foldar da ba a cika canja ta ba, kamar ta manhajoji ko ta bayanan madogara, ɗaga shi da `actimeo=600` yana rage hayaniya sosai. Kada ka yi haka a foldar da kwamfutoci da yawa ke rubutu suna jiran ganin aikin juna.

Sai `nfsiostat 5`, wanda a ganina ya fi kowane kayan aiki faɗin gaskiya. Akwai lambobi biyu: `avg RTT`, lokacin da saƙo ya ɗauka ya je sabar ya dawo, da `avg exe`, wanda ya haɗa da jiran layi a kan kwamfutarka kafin saƙon ya fita. Idan RTT ya kai milisakan 30 alhali `ping` na nuna 0.3, sabar ce ke jan ƙafa. Idan RTT ƙarami ne amma exe ya ninka shi sau da yawa, cunkoson a ƙofar gidanka yake.

Ga cunkoson ƙofar gida akwai `nconnect`, wanda ya shigo Linux tun 5.3 a 2019. Da can duk zirga-zirgar kwamfuta ɗaya zuwa sabar ɗaya ta kafar TCP guda take bi. Da `nconnect=8` za a buɗe takwas, iyaka 16. A layin gigabit 10 zuwa sama bambancin yakan fito fili. Wannan kuma shi ne amsar wanda ya haɗa wayoyi huɗu wuri ɗaya yana mamakin rashin ƙarin sauri: kafar TCP ɗaya waya ɗaya take bi, sauran ukun na zaune. Sai dai ka sauke duk foldojin wannan sabar ka sake ɗaura su kafin saitin ya kama.

A ɓangaren sabar, dubi `cat /proc/fs/nfsd/threads`. Adadin ma'aikatan da ke amsa buƙatu ke nan, kuma da yawa daga cikin tsarin Linux da 8 suke farawa. Ga kwamfutoci 30 masu gudanar da ayyuka barkatai, tamkar banki ne ranar albashi da kanta biyu. Umarnin `rpc.nfsd 64` yana ƙara su nan take, a `/etc/nfs.conf` kuma ake sa shi ya dore. Amma idan faifan ne ya gaji, ƙarin ma'aikata layi kawai zai tsawaita.

Akwai wata dabara da za a ba ka shawara a kanta, ina so ka yi hattara: sa `async` a `/etc/exports`. Da `sync`, sabar ba ta cewa ta adana sai bayanan sun sauka a faifai. Da `async`, tana amsawa tun suna cikin RAM. Saurin rubutu yakan tashi har ka yi mamaki. Amma wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, bayanan sun tafi, manhajar kuwa an riga an ce mata an adana, ba wani saƙon kuskure. Sakamakon lissafin mako biyu zai iya fitowa da rami a tsakiya ba wanda ya sani sai ranar rubuta kundi. A inda ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau da yawa a yini, ba na sa `async` sai a foldar wucin gadi wadda kowa ya san ana iya rasa ta, kuma sai da UPS, batirin riƙe wuta, mai iya kashe sabar cikin tsari. Hanyar da ta fi aminci ita ce SSD mai kariyar ɗaukewar wuta a matsayin SLOG, wato wurin da rubutu ke fara sauka, ga masu ZFS, ko katin RAID mai lafiyayyen batiri.

Haka ma `soft`. Idan `dmesg` na nuna sabar ba ta amsawa, wasu sukan canja `hard` zuwa `soft` don kada aiki ya maƙale. Maƙalewa ta fi lalacewar bayanai sauƙi. Bar shi a `hard`, ka nemi dalilin rashin amsawar.

Mataki na 5: manhajar da kanta

A nan yawancin shari'o'in ke ƙarewa. Mu koma ga ɗalibina. Fayil 500,000, kowanne kilobayit 4, gaba ɗaya gigabayit 2 ke nan. Da a dunƙule suke, layin gigabit 1 zai kawo su cikin daƙiƙa 18. Amma kowane fayil sai an nemo shi, a buɗe, a karanta, a rufe, kowanne da tafiyarsa zuwa sabar. Mu ce tafiya 5, kowacce milisakan 0.3: minti 12 da rabi ke nan a zirga-zirga kawai. Idan kuma kowane fayil sai allurar faifai ta yi tsalle na milisakan 10, an ƙara awa ɗaya da minti 23. Manhajar tasa sau da yawa take bin foldar daga farko zuwa ƙarshe, ga kuma wasu ɗalibai suna rabon faifan da shi. Ka aiki yaro kasuwa ya kawo maka buhun gero, amma ka ce cokali-cokali zai riƙa ɗebowa. Ko an faɗaɗa titin ya zama tagwaye ba abin da zai ragu. Shi ya sa sayen layin gigabit 10 ba ya warkar da wannan ciwo.

Don ka kama shi da ido, gudanar da aikin ƙarƙashin `strace -c -f` na 'yan mintuna. Idan `openat` da dangin `stat` ne suka cika teburin, ka gano. A `nfsstat -c` ma za ka ga `getattr`, `lookup` da `open` sun rinjayi `read` da `write`. Wani abin da `strace` ke tonawa shi ne manhajar da ke rubuta layi ɗaya, ta tilasta a adana, ta sake rubuta wani, sau dubbai a minti.

Maganin farko kuma mafi arha: yi lissafin a faifan cikin kwamfutar lissafi. A farkon takardar aikin Slurm, manhajar da ke raba ayyuka a gungun, kwafo bayanan a dunƙule cikin fayil ɗin `tar` guda, warware su a `/tmp` ko foldar wucin gadin da mai kula da gungun ya ware, yi aikin a can, ka dunƙule sakamakon ka mayar. Tafiya biyu maimakon miliyoyi. Da muka yi wa ɗalibin haka, aikin ya gama kafin ya dawo daga sallar azahar. Ka tuna ka sa layin share foldar a ƙarshe, kada ka bar wa na bayanka shara.

Na biyu, canja siffar bayanan. HDF5 da NetCDF an yi su ne don tara dubban jadawali cikin fayil ɗaya; masu hasashen yanayi da manhajar WRF sun san NetCDF sarai. Sai dai ka lura da yadda aka yanka bayanan a ciki. Fayil ɗin da aka tsara don karanta taswirar rana guda zai wahalar da mai neman ruwan saman gari ɗaya na shekara 30, domin sai ya taɓa kowane yanki ya ɗebi ɗigo. Umarnin `nccopy -c` ko `h5repack` yana sake yankan. Tun daga HDF5 1.10 kuma akwai kulle fayil da kan yi rigima da NFS; sa `HDF5_USE_FILE_LOCKING=FALSE` yana kawar da ita, muddin ka tabbata aiki ɗaya ne ke rubutu a fayil ɗin.

Na uku, Python. Muhallin conda guda, wato foldar da ke tara Python da kayan aikinsa, yana iya ƙunsar fayiloli dubbai goma-goma, kuma kowane `import` bincike ne cikin foldoji. Ayyuka 200 su tashi tare, kowanne na neman NumPy daga sabar ɗaya, sai ka ga minti biyar sun wuce ba a fara lissafin komai ba. Dunƙule muhallin cikin Apptainer, wanda aka sani da Singularity kafin 2021, yana mayar da shi fayil ɗaya tak. Ka kuma hana ayyukan tashi lokaci guda: a Slurm, `--array=1-500%20` yana sakin 20 ne kawai a kowane lokaci.

Ƙananan abubuwa ma suna taruwa. Kada a zuba fayil 100,000 a folda ɗaya, a rarraba su. A yi `ls -f` maimakon `ls -l` mai launi, wanda ke tambayar labarin kowane fayil. A tabbata `updatedb` ba ya bin foldojin NFS da daddare a kan kowace kwamfuta. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya danne sabar, `iftop` a kanta zai nuna kwamfutar da ta fi ja, daga nan sai a je a yi magana ta fahimta.

Masu SMB

Na'urorin awo da yawa, irin madubin ƙara girma da injin karanta jerin DNA, da kwamfutar Windows suke zuwa, don haka Samba, manhajar da ke ba sabar Linux damar yin SMB, ba ya rabuwa da ɗakin bincike. Matakai na 2, 3 da 5 duk ɗaya ne. Abin ƙari: `smbstatus` a kan sabar zai nuna sigar da kowa ke amfani da ita. SMB1 a kashe shi, ga nauyi ga haɗari. Ta kansa ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi duniya a 2017. Sa hannu a kan fakiti da ɓoye bayanai suna cin ƙarfin na'ura, kuma Windows 11 24H2, in ban da bugun Home, ya mayar da sa hannun tilas, don haka idan jinkirin ya biyo bayan sabunta Windows, nan za ka fara dubawa. Manhajar kashe ƙwayar cuta da ke binciken kowane fayil a foldar netwok ita ma takan ninka lokacin kwafi.

Idan an gyara komai kuma bai isa ba

Sabar NFS guda tana da iyaka. Idan kwamfutoci da yawa suna rubuta manyan fayiloli lokaci ɗaya, `iperf3` da `fio` kuma sun nuna kana cin duk abin da na'urar ke iya bayarwa, lokacin duba Lustre, BeeGFS ko CephFS ya yi, masu rarraba bayanai a kan saba da yawa. Suna bukatar mai kula da ya san su, da wutar da ba ta wasa, kuma ƙananan fayiloli suna wahalar da su su ma. Ga ɗakin bincike mai kwamfuta 10 zuwa 20, SSD ɗaya a cikin kowace kwamfutar lissafi, da ƙarin RAM a sabar, sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo. Duk abin da ka zaɓa, canja abu ɗaya a lokaci guda, ka share abin da RAM ta riƙe da `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches` kafin kowane gwaji, ka rubuta lambobin `iperf3`, `fio` da `nfsiostat` da kwanan wata a littafin da ke kusa da sabar.